KADA MU TSAYA A RIJIYA ƊAYA: NEMAN SABABBIN MARUBUTA

A kowace makarantar sakandare akwai wani littafi da ba ya cikin manhaja, amma ya fi littafin lissafi yawo. Yau yana ƙarƙashin matashin wannan, gobe yana cikin akwatin wancan, har bangonsa ya fita, shafin ƙarshe ya ɓace. In ka bincika za ka tarar ɗayan biyu ne: ko labarin soyayya, ko labarin ɓarayi da masu farautarsu. Malamai su ƙwace, iyaye su yi faɗa, ɗalibai kuma su ƙara ɓoyewa.

Abin da ya fi damuna a cikin wannan al'amari shi ne ƙarancin abin da ake karantawa. Ɗalibi zai kama marubuci ɗaya ko biyu, waɗanda abokinsa ya ba shi aro, ya yi shekara shida a makaranta bai san akwai wasu ba. Ya zama kamar mutumin da bai taɓa shan ruwan wata rijiya ba sai ta ƙofar gidansu: ko tana da gishiri, shi a wurinsa haka ruwa yake. Ra'ayina shi ne, maimakon ƙwace da ɓoyo, ya kamata makaranta ta koya wa ɗalibai yadda ake neman sababbin marubuta, da yadda ake auna su, musamman a fannoni biyu da matasa suka fi so, wato soyayyar da aka gina a kan tarihi da labarin aikata laifi.

Da farko dai, mu san cewa waɗannan fannoni ba baƙi ba ne a wurinmu, mu mutanen ƙasar Gwarzo da Kabo. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, aka kuma buga littattafai biyar bayan gasar. Kowa ya san Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Amma mutum nawa ne a Mainika suka karanta Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo? Labarin ɓarayi ne da dabarunsu, kuma yana cikin littattafan farko da aka rubuta da boko a kan wannan fanni. Ga sunan Gwarzo a bangon littafin, amma 'ya'yan Gwarzo na ta neman labarin ɓarayin Amurka.

A cikin biyar ɗin akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. Saurayi ne Abubakar, attajiri Malam Shehu ya aure masa budurwarsa Zainab, shi kuwa ya sha alwashin ramuwa, ramuwar ta faɗa kan ɗan da aka haifa, yaron ya tashi ɓarawo. Soyayya da laifi ke nan a ƙwarya ɗaya, kuma darasin da ke ciki game da sharrin ramuwar gayya ya isa wa'azi. Akwai kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, labarin zamanin cinikin bayi da uwar da ta ratsa hamada tana neman ɗanta, da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya taɓo yaƙe-yaƙen zuwan Turawa. Duk ɗalibin da bai karanta waɗannan ba, to, a wurinsa sababbin marubuta ne, ko da sun haura shekara tamanin. Da tsohuwar zuma ake magani.

Daga nan sai a gangaro. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo labarin saurayi ne da ya bar ƙauye ya tafi birni ya faɗa hannun miyagun abokai, abin da har gobe yake faruwa da samarin karkararmu. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. A 1982 aka sami Turmin Danya, shi ma na Sulaiman Ibrahim Katsina, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, labarin Mailoma wanda ya dawo daga yaƙin basasa ya kafa ƙungiyar ta'addanci. Bayan wannan ne ambaliyar littattafan Kano ta zo, wadda wasu masana suka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano: Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, Alhaki Kuykuyo Ne nata a 1990, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa. A ɓangaren labaran sarƙaƙiya da tashin hankali kuwa an sami irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih. Mai son Turanci shi ma bai rasa ba: The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1960, labarin so ne da ramuwa a ƙasar Hausa ta farkon zamanin Turawa.

To, ta yaya ɗalibin da ke Mainika zai gano irin waɗannan marubuta da waɗanda suka biyo bayansu? Hanya ta farko ita ce tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Malamin Hausa, da dattawan da suka yi makaranta kafin mu, da iyayenmu mata da suka yi zamanin hayar littattafai, kowanne yana da sunan marubucin da ba ka taɓa ji ba. Ka tambaye su wanne ne ya fi zama a ransu, da dalilin da ya sa.

Hanya ta biyu ita ce bin sawun gasa. Littafin da ya ci gasa ya riga ya ratsa hannun alƙalai, an tace shi. Kusan duk manyan littattafan da na lissafa na 1933 da 1980 da 1982 gasa ce ta fito da su. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata, aka kuma riƙa karanta labaran da suka yi zarra a rediyo. Wanda ya rubuta sunayen marubutan da aka ambata ya sami jerin waɗanda zai bibiya.

Hanya ta uku ita ce littafin kansa. Marubutan Kano sun saba jera sunayen sauran littattafansu a ƙarshen littafi, su kuma yi gaisuwa ga 'yan'uwansu marubuta. Ƙungiyar Raina Kama ma har hotunan membobinta takan sa. Yawancinmu mukan tsallake waɗannan shafuka, alhali kuwa nan ne taswirar take. Littafi ɗaya zai iya kai ka ga goma.

Hanya ta huɗu ita ce ƙafa. Duk wanda ya sami shiga Kano lokacin hutu, ya leƙa Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad, ya zaga wurin masu sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero ma a kan hanyar Gwarzo yake, motar da ke kai mu birni ta ƙofarsa take wucewa, kuma malaman Hausa na jami'ar sun daɗe suna nazarin waɗannan littattafai.

Hanya ta biyar ita ce wayar hannu, inda yawancin sababbin marubuta suke sakin labaransu kashi-kashi ta WhatsApp da Facebook da Wattpad. A nan ne ake buƙatar taka-tsantsan ƙwarai, domin babu edita, babu alƙali, kowa da abin da ya ga dama. Akwai masu basira a ciki, akwai kuma masu tallar batsa da sunan soyayya. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Wannan ya kawo mu ga ma'auni, domin neman sabo ba tare da ma'auni ba kamar shiga kasuwar hatsi ne ba kwano. Ga tambayoyi uku da nake ganin sun isa. Ta farko: shin marubucin ya san zamanin da yake ba da labarinsa? In ya ce labarinsa ya faru zamanin Sarkin Kano Alu, amma ga jarumi yana duba agogon hannu, ko ana biyan sadaki da naira maimakon wuri, to, ya yi ƙarya a ƙaramin abu, kada ka amince masa a babba. Kyakkyawan labarin tarihi yakan sa ka koma ga littafin tarihi don ƙarin bayani.

Ta biyu: ina marubucin ya ajiye laifi? Labarin laifi na ƙwarai yakan nuna abin da ya jefa mutum cikin sata ko kisa, ya nuna hawayen wanda aka zalunta, ya kuma ba mai karatu alamun da zai bi da hankalinsa har ya gano mai laifin. Wannan ne ya sa har yau ake karanta Agatha Christie da labaran Sherlock Holmes a duniya. Amma in littafi ya mai da ɗan fashi gwarzo, ya sa ka ji sha'awar motarsa da kuɗinsa, ka rufe shi ka mayar wa mai shi.

Ta uku: yaya harshensa yake, kuma yaya ya ɗauki mace da namiji? In shafi goma na farko duk bayanin leshi ne da gwala-gwalai da jerin motoci, ko kuwa Hausar ta cakuɗe da Turanci ba gaira ba dalili, sauran shafukan ma haka za su kasance. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Na san akwai malamai da iyaye da za su ce duk wannan ɓata lokaci ne, gara a hana baki ɗaya. Damuwarsu tana da tushe: akwai ɗaliban da littafin hikaya ya hana su bitar darasi, akwai kuma littattafan da ba su dace da yaro ba. Amma an gwada hanin. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, an ƙona tarin littattafan hikaya a Kano a bainar jama'a domin raba ɗalibai da su. Ba a daina rubutawa ba, ba a daina karantawa ba, sai ma labaran suka koma cikin waya, inda idon malami ba ya kai wa. Littafin da ke kan kanta a ɗakin karatu malami zai iya dubawa ya tattauna da ɗalibi a kansa. Wanda ke cikin waya a ƙarƙashin bargo kuwa sai Allah. Ban da haka, yaron da ya saba cinye littafi mai shafi ɗari biyu don jin daɗi ba zai ji tsoron dogon nassi ranar jarrabawa ba, kuma insha'insa zai bambanta da na wanda bai karanta komai ba sai abin da aka rubuta a allo.

Akwai kuma wani giɓi da duk mai bibiyar littattafanmu zai lura da shi. Labaran soyayya sun yi yawa, amma galibinsu a unguwannin masu kuɗi na birni suke faruwa. Na yaƙi kuwa, da yawansu a ƙasashen aljannu da matsafa ne. Soyayyar da aka dasa a cikin tarihinmu na gaskiya ita ce ta yi ƙaranci, alhali ga kayan aiki jibge. Ga basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wadda ta raba gidaje. Ga faɗuwar Kano a hannun Turawa a watan Fabrairu na 1903. Ga isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da cinikin gyaɗar da ya biyo baya. Ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Ga fataken da ke tafiya Gwanja sayen goro su yi watanni ba a ji ɗuriyarsu ba. Wace budurwa ce ta jira? Wane saurayi ne ya dawo ya tarar an ɗaura da wani? Kakanninmu a Mainika da ƙauyukan kewaye sun ji irin waɗannan labarai daga bakin nasu kakannin, kuma duk tsohon da muka binne ba mu tambaye shi ba, ya tafi da littafi guda.

Saboda haka mai yiwuwa sabon marubucin da muke nema yana zaune a aji huɗu ko aji biyar na wannan makaranta. Kada wani ya ce ya yi ƙanƙanta. Mohammed Sule ya fara rubuta The Undesirable Element tun yana ɗalibin sakandare a Kano, littafin ya fito a 1977 cikin jerin Pacesetters, aka karanta shi a makarantu ciki da wajen Nijeriya.

A ƙarshe, ina kira ga hukumar makaranta da ta ware kanta guda a ɗakin karatu domin ƙagaggun labarai na Hausa da na Turanci waɗanda malamai suka duba, a fara da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ina kira ga malaman harshe su kafa ƙungiyar masu karatu, inda kowane zango ɗalibi zai kawo marubuci ɗaya da 'yan ajinsu ba su sani ba, ya gaya musu dalilin da ya sa ya cancanta ko bai cancanta ba. Ina roƙon iyaye da membobin ikilisiya da tsofaffin ɗalibai, duk mai tsohon littafi a ƙasan akwati ya kawo shi kyauta kafin gara ta riga mu. Ku kuma ɗalibai, hutun nan mai zuwa kowa ya karanta marubuci ɗaya da bai taɓa karantawa ba, ya kuma zauna da tsoho ɗaya da biro da takarda a hannu. Allah ya ba mu ikon aikatawa, amin.