Kada Ka Sayar Da Gonar Gado Don Kujerar Makka

Makonni kaɗan da suka wuce wani ɗan ƙanena ya miƙo mini wayarsa a ƙofar gida, nan Fakku, ya ce: "Baba, kalli yadda Turawa ke yawon duniya kyauta." Bidiyon wata mata ce daga Amurka, tana zaune cikin jirgi tana bayanin yadda ta je ƙasashe da dama da makin da katin bashinta na banki ya tara mata. A makon nan kuma labari ya iso ni cewa wani dattijo a wani ƙauye da ke kusa da mu ya sa gonarsa ta fadama a kasuwa domin ya cika kuɗin kujerar Makka. Yaron da dattijon ciwo ɗaya ke damunsu: kowannensu yana son tafiyar da aljihunsa bai kai ba, kuma yana so a yau. Ni kuwa ina ganin duk su biyun rami suka nufa.

Mu fara da katin. A Amurka banki kan ba mutum kati ya yi sayayya da kuɗin da ba nasa ba, ya biya a ƙarshen wata. Don a kwaɗaita masa, sai a riƙa mayar masa da ɗaya ko biyu cikin ɗari na abin da ya kashe, ko a ba shi maki da zai canza zuwa tikitin jirgi. Daga ina wannan kyauta ke fitowa? Daga kason da banki ke yanka a hannun mai shago duk lokacin da aka biya da kati, wanda shi kuma yake ɗora shi a kan farashin kaya, da kuma kuɗin ruwan da ake tatsa daga waɗanda suka kasa biya a kan lokaci, wanda ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara. A 2023 bashin irin wannan kati a kan Amurkawa ya zarce dala tiriliyan ɗaya. Ke nan matar da ke murmushi a cikin jirgi, talakan ƙasarta da bashi ya shaƙe ne ya biya mata kujera.

Yi lissafin da kanka. Idan biyu cikin ɗari ake mayar maka, kafin ka tara kyautar naira miliyan ɗaya sai ka kashe miliyan hamsin. Wane manomin gero ne a Kebbe ko Tambuwal yake kashe wannan? Mu a nan ma irin wannan kati bai yaɗu ba. Abin da ya iso wayoyin yaranmu shi ne ƙaninsa mafi muni: manhajojin ba da rance, masu ba ka kuɗi cikin minti biyar, idan ka makara su bi lambobin da ke wayarka suna tozarta ka a gaban surukanka. Wanda ya ci bashin ruwa ya tafi Umara, me ya je nema, me kuma ya bari a gida?

Yanzu ga dattijo. Na san hujjarsa, kuma ba ta wasa ba ce. Zai ce: "Na yi shekaru ina tari, kullum kujera tana gudu ina bin ta." Gaskiya ya faɗa. A 2023 kujerar Hajji daga jihohin Arewa kusan naira miliyan 2.9 ce. A 2024 hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta fara sanar da kusan miliyan 4.7, daga baya ta nemi a ƙara miliyan 1.9. A 2025 kuɗin ya haura miliyan 8.4. Wanda ya ɗaure kuɗinsa a ƙarƙashin katifa tun 2023 yana jiran ya cike ragowar, ya wayi gari abin da ke hannunsa bai kai rabin kujera ba.

Sai dai a lura da abin da ya faru. Idan aka auna da dala, kujerar ba ta tashi ba. Naira ce ta faɗi, daga kusan 460 a kan dala ɗaya kafin watan Yuni na 2023 zuwa sama da 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Jirgi da masauki a Makka da Madina da hidimar Mina da Arfa duk da kuɗin waje ake biyansu. Darasin shi ne takardar naira ba wurin ajiyar shekaru ba ce. Gona kuwa, da buhun dawa, da sa, da rago, farashinsu yana bin tsadar rayuwa. Dattijon da zai sayar da fadama, yana rabuwa ne da abu ɗaya tilo a hannunsa da faɗuwar naira ba ta cinye ba, abin da ke haifar masa da shinkafa kowace shekara, ya karɓi tafiyar kwana arba'in. Zai dawo da suna Alhaji, 'ya'yansa su koma ƙwadago a gonar da ta kasance ta kakansu.

Za a ce mini ai farilla ce, kuma rai ba shi da tabbas. Haka ne. Amma farillar da sharaɗinta ta zo, a aya ta 97 cikin Suratu Ali Imrana: iko. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa wanda ba shi da halin zuwa, Hajji bai hau kansa ba, kuma haƙƙin ciyar da iyali yana wuyansa ko yana gida ko yana Makka. Wanda ajali ya riske shi yana tari da niyya mai kyau bai saɓa wa kowa ba. Abin da muke tsoro a zuciyarmu, mu faɗi gaskiya, sau da yawa bakin mutane ne: wane ya je, sa'anka ya je sau biyu, kai har yanzu ana kiranka Malam. Kunyar nan ce ke sayar da gonaki, ba tsoron Allah kaɗai ba.

Kakanninmu ba haka suka yi ba. Kafin jirgin sama, mutanen ƙasar Hausa kan bi ta Borno da Chadi su ratsa Sudan a ƙasa, su tsaya su yi noma ko ƙwadago a gonakin auduga na Jazira, su tara guzuri, sannan su ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin ko Port Sudan. Tafiyar kan ɗauki shekaru, wasu ma can suka zauna, zuriyarsu na nan a garuruwa irin su Mai Wurno har yau. Guminsu ne ya kai su, sannu a hankali. Mu da muka gaji haƙurin nan, me ya sa muka koma masu gaggawa?

Hanyar tari mai tsari kuwa ba mafarki ba ce. Malesiya ta kafa asusun alhazanta, Tabung Haji, tun 1963: manomi ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan, a juya kuɗin ta hanyar halal, ribar ta taimaka masa. A nan gida NAHCON ta ƙaddamar da asusun adashin gata na Hajji tare da bankin Jaiz a 2020. Tunani ne mai kyau. Amma tambayi mutum goma a kasuwar ƙauye ko sun san da shi. Tsarin da sai ka hau mota zuwa Sakkwato ko wani babban gari kafin ka fahimce shi, bai iso talaka ba tukuna. Ina kira ga hukumar jin daɗin alhazai ta jiha da ta kai bayaninsa masallatan Juma'a da ranakun kasuwa, da Hausa, a kuma nemi hanyar da ajiyar mai tari za ta riƙe darajarta idan naira ta sake zamewa. In ba haka ba, an ce wa mutum ya ɗebo ruwa da kwando.

Kafin a yi wannan, ga abin da ke hannunmu. Ware buhu biyu ko uku kowace kaka, ka sayar da bazara lokacin da hatsi ya yi daraja. Sayi ɗan maraƙi ko tumaki ka yi kiwo, amma kada ka zuba komai a dabba, tunda kowa ya san ɓarayin shanu sun addabi yankinmu. Raba ƙafa: wani abu a rumbu, wani a turke, wani a asusu. Adashin da matanmu suka iya tun tale-tale ya fi kowane katin Bature tsabta, don babu wanda ke cin gumin wani a cikinsa. Ka ci daga 'ya'yan itace, ka bar itacen a tsaye. Idan shekara bakwai za ta kai ka, bakwai ɗin ce lokacinka.

Ɗan ƙanena ya tambaye ni ko shi ke nan ba zai taɓa ganin duniya ba. Na ce masa zai gani in Allah ya so, da kuɗin da ya san inda ya samo su. Dattijon kuwa, in wannan rubutu ya isa kunnen 'ya'yansa, ina roƙonsu su zauna da shi cikin ladabi, su ce: "Baba, bar mana fadamar, mu noma ta mu kai ka." Ka'aba tana nan inda take, tana jiran wanda Allah ya kira. Gonar da ta shiga hannun mai kuɗi kuwa, ban taɓa ganin ta dawo ba.