KIMIYYA A ALJIHUNMU: Wa ke ƙarasa ture murfin waya mai zamiya?

 Muna gaida 'yan ajin ƙarshe da ke shirin WAEC da NECO, Allah Ya ba da sa'a. Gaisuwa ta musamman kuma ga ƙannenmu na Gangara da Sabon Birni da Isa da sauran garuruwan gabashin Sakkwato, waɗanda ke karatu cikin halin da kowa ya sani. Darasin wannan mako da ku muka tsara shi, domin ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje ko wutar lantarki ko intanet.

A gidaje da yawa, in aka bincika ƙasan akwati ko cikin kwalla, za a samu tsohuwar waya mai zamiya, wadda masu gyara ke kira silaida. Ita ce wadda ake tura samanta da babban yatsa sai maɓallan lamba su bayyana. Duk wanda ya taɓa riƙe irinta ya san wani abu: da farko murfin yana yi maka gardama, amma da zarar ka kai shi rabin hanya sai ya kufce ya ƙarasa da kansa, ka ji ƙas! In za ka rufe ma haka. Ko an cire batir, hakan yake yi. To wa ke ƙarasa turawar?

Daga ina ta fito?

A shekarar 1996 kamfanin Nokia na ƙasar Finland ya fitar da Nokia 8110, wadda aka yi wa laƙabi da wayar ayaba saboda lanƙwasarta. Murfinta da hannu ake jan sa har ƙarshe. A 1999 aka nuna ta a fim ɗin The Matrix tana buɗewa da kanta, amma masu shirya fim ne suka saka mata sifirin don ta burge 'yan kallo. A cikin shekarar ce Nokia 7110 ta fito da sifirin na gaske: ka taɓa wani ɗan maɓalli a bayanta, murfin ya zame. Daga baya Samsung na Koriya ta Kudu ya yi suna da D500 a 2004, sai Nokia N95 ta zo a 2007 tana zamewa sama da ƙasa.

Mu a Najeriya, layin GSM ya fara aiki a watan Agustan 2001, lokacin da Econet da MTN suka buɗe. Ke nan yayin silaida ya zo daidai da shekarun da waya ke shiga hannun talakawa, shi ya sa yayyenmu da iyayenmu suka riƙe ta sosai.

Abin da ke ciki

In mai gyara ya kwance silaida, za ka ga farantan ƙarfe biyu marasa kauri. Ɗaya a manne yake da jikin wayar, ɗayan da murfin, kuma yana zamewa a kan 'yan siraran hanyoyi biyu na gefe, kamar yadda cikin kwalin ashana ke zamewa. Tsakaninsu akwai ɗan sifirin, wani lokaci biyu. A wayoyi da yawa siffarsa kamar fil ɗin da mata ke maƙale mayafi da shi ne in an buɗe shi: waya ce ta ƙarfe da aka naɗe a tsakiya, ta fitar da hannu biyu. Hannu ɗaya an kafe shi a farantin ƙasa, ɗayan a farantin da ke zamewa. In ka matse hannuwan biyu, suna son su buɗe.

Sirrin yana wurin da aka kafe su. Ɗauko takarda da rula mu zana, amma da girman da ya fi na waya don lissafi ya yi sauƙi. Ja miƙaƙƙen layi mai tsawon santimita 8. Wannan ita ce hanyar da murfin ke bi. Nemo tsakiyar layin, ka auna santimita 3 zuwa gefe, ka ɗiga alama, ka kira ta A. Nan ne hannun da ba ya motsi yake. Ɗayan hannun, B, yana tafiya a kan layin daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Idan B yana farkon layi, nisansa da tsakiya santimita 4 ne. Ga alwatika mai gefe 3 da 4, kuma ƙa'idar Pythagoras da muka koya a ƙaramar sakandare ta ce dogon gefen 5 ne, domin 9 a tara da 16 ya ba da 25. Ke nan tsakanin A da B santimita 5. Idan B ya iso tsakiya, tazarar ta koma santimita 3 kacal. Idan ya kai ɗaya ƙarshen, ta sake zama 5.

Amsar tambayarmu ke nan. A rabin farko na tafiyar, yatsanka yana matse sifirin daga 5 zuwa 3, shi ya sa kake jin gardama. Ƙarfin da ka kashe bai ɓace ba, sifirin ne ya adana shi. Da ka wuce tsakiya ko da kaɗan, sifirin ya samu hanyar buɗewa, kuma hanyar tana gaba ne, sai ya ingiza murfin har ƙarshe. Da ƙarfin yatsanka murfin ya ƙarasa. Haka kuma sifirin ke riƙe wayar a rufe cikin aljihu, don kafin ta buɗe sai an matse shi tukuna. Wuri biyu ne murfin ke iya hutawa, a buɗe ko a rufe. Tsakiya kamar ƙwanƙolin tudu ne, dutsen da aka ajiye a can ƙiris yake jira ya gangara ta nan ko ta can.

Ba a waya kaɗai ba

Je ka duba ƙafar da ake jingine babur da ita, kamar ta Boxer da 'yan kabu-kabu ke hawa. Ka taɓa ta da ƙafarka, ta yi ɗan tauri, sannan ta ɗage da kanta ta manne. Dabarar ɗaya ce, sai dai a nan jan sifirin ake yi, kuma a tsakiyar tafiyar ne ya fi miƙewa. Makunnin wutar da ke bango ma haka yake, an yi shi ya tsallake tsakiya da sauri don kada wutar ta tsaya tana tartsatsi. 'Yan mata, ku duba ɗan ƙarfen maƙale gashi mai yin ƙas in an lanƙwasa shi, shi ma wuri biyu yake hutawa.

Adana ƙarfi cikin abu mai lanƙwasuwa kuwa, kakanninmu sun daɗe da saninsa. Bakan da maharba da mayaƙan Gobir suka riƙe tun zamanin Alƙalawa sifirin ne na itace: hannu ya ja tsirkiya a hankali, baka ya adana ƙarfin, ya sake shi ga kibiya lokaci guda. Danƙon harbin tsuntsu da yara ke kora da shi a gonar gero ɗan uwansa ne.

Inda jarrabawa ta shigo

Wani masanin Ingila, Robert Hooke, wanda ya rayu daga 1635 zuwa 1703, shi ya rubuta ƙa'idar wannan abu. A 1676 ya fara buga ta cikin hargitsattsun haruffa don kada wani ya riga shi, sai a 1678 ya warware ta. Ma'anarta ita ce miƙewar sifirin tana tafiya daidai da ƙarfin da aka ja shi da shi, muddin ba a wuce iyakarsa ba. In ka ninka nauyi, miƙewar ta ninka. A littafin Fiziks ana rubuta ta F = ke. F shi ne ƙarfin ja, e ita ce miƙewar, k kuma taurin sifirin.

Ga misali irin wanda ake kawowa. An ja sifirin da ƙarfin niyuton 2, ya miƙe da santimita 4. Da farko mayar da santimita zuwa mita: 0.04. Raba 2 da 0.04, k ya zama 50 N/m. Ƙarfin da ya adana kuwa rabin F sau e ne, wato rabin 2 sau 0.04, ya ba da jul 0.04. Wurin da ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne manta mayar da santimita zuwa mita, sai amsa ta kauce da ninki ɗari. A kiyaye.

Batun iyaka ma yana da muhimmanci. Cire sifirin biro ka ja shi da ƙarfi sosai, za ka ga bai koma yadda yake ba. Ya wuce iyakarsa, ƙa'idar Hooke ta daina aiki a kansa.

Gwajin gida

Na farko: samo sifirin mai laushi, ka rataye shi a ƙusa, ka ɗaura gorar roba marar komai a ƙasansa, ka kafa rula a gefe. Mililita ɗaya na ruwa nauyinsa giram ɗaya ne, kuma giram 100 kusan niyuton 1 ne. Riƙa zuba ruwa daidai wa daida, misali mililita 50 kowane karo, kana rubuta inda ƙasan sifirin ya tsaya. Zana jadawalin nauyi da miƙewa. In ɗigogin sun jeru a miƙaƙƙen layi, ka ga ƙa'idar Hooke da idonka. Wannan shi ne ainihin aikin da ake yi a gwajin Fiziks, bambancin kawai kayan aiki.

Na biyu: maimaita zanenmu a kan katako. Kafa sirarun itace biyu su zama hanya, ka sa ɗan katako mai zamewa tsakaninsu da ƙusa a bayansa. Kafa wata ƙusar a gefe, santimita 3 daga layin da ta farko ke bi. Yanko siririn yanki daga gorar roba mai ɗan kauri, ka huda shi wuri biyu da tazarar santimita 7, ka zura a ƙusoshin ya lanƙwashe kamar baka. Tura katakon ka ji inda gardama ke ƙarewa. A yi hankali da reza da ƙusa. In kuma tsohuwar waya za ka kwance, nemi izinin mai ita, ka cire batir tukuna, kada ka huda shi ko ka kai shi kusa da wuta.

Me ya kashe silaida?

Abu mai motsi yana gajiya. Tsakanin rabin sama da na ƙasa akwai wata faffaɗar waya mai kama da leda, masu gyara na kiranta fileks, ita ke kai saƙo zuwa fuskar wayar. Duk buɗewa sai ta lanƙwashe. Ka gwada lanƙwasa waya ta ƙarfe gaba da baya sau da yawa, za ta karye, kuma haka siraran layukan tagulla na cikin fileks ke yi. Shi ya sa silaida kan yi ƙara amma fuskarta ta yi fari ko ta mutu. Ƙurar hunturu irin tamu ma tana shiga hanyoyin zamiyar ta cinye su, kuma zuba mai ƙara tara ƙurar yake yi. Da iPhone ta fito a 2007, wayar shafa ta fara mamaye kasuwa, aka daina buƙatar ɓoye maɓallai ƙarƙashin murfi.

Abin da ya sa muka damu

A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, ciki har da Sabon Birni da Isa. Ɗalibai da yawa na wannan yanki sun yi asarar zangon karatu, wasu sun koma zama wajen dangi a wasu garuruwa. Duk da haka, takardar WAEC da ake raba wa ɗan Gangara ita ake raba wa ɗan Legas, kuma duk mai son karanta injiniyanci, ko a jami'a ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato, sai ya ci Fiziks da Lissafi. Gyara makarantu da samar da tsaro haƙƙi ne a kan hukuma, kuma ba za mu daina faɗa ba. Kafin nan, Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi. Ɗalibin da ya auna sifirin da gorar ruwa ya zana jadawalinsa ba zai firgita ba ranar da aka ajiye masa na gaske a ɗakin jarrabawa. Wanda kuma ya iya kwance waya ya gane dalilin kowane ƙarfe, ya kama hanyar sana'ar da ke ciyar da ɗimbin matasa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da rumfunan gyara na garuruwanmu.

Tambayar mako

A zanenmu, a ce an matsar da A ya koma santimita 6 daga tsakiyar layi, layin kuma ya zama santimita 16. Nawa ne tazarar A da B a farkon tafiya, kuma da santimita nawa sifirin zai matsu in B ya kai tsakiya? A turo amsa tare da suna da aji da makaranta ta hannun editan wannan shafi. Za mu buga sunayen waɗanda suka dace.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, inda za mu duba yadda ƙaramin faifan sola ke cajin waya. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya ƙara mana basira.