A maido mana filin sukuwarmu cikakke

Mun ji ana shirin sake buɗe filin sukuwar garinmu, bayan an yanke gefensa an gina shaguna. To jama'a, mu gaya wa juna gaskiya: abin da ya rage masussuka ce. Doki sai a miƙaƙƙiyar hanya yake sakin ƙafa. In fili ya matse, kwana kan kwana, wanda ya riga kama gefen ciki shi ke cinyewa, na baya sai shan ƙura, babu wurin wucewa. Kuma a kwanar nan ne yaranmu mahaya ke faɗuwa su karye. Wane mai doki ne zai taso daga Maradi ko Damagaram ya kawo dokinsa nan? A fara maido da filin, sannan a kira makaɗa.