Madubin bindiga ba ya maganin ido: kira ga mafarauta da 'yan sintirinmu



A 'yan shekarun nan madubin saiti, wato dogon madubin nan da ake ɗaura wa bindiga a sama don ya jawo abin da ke nesa, ya fara yawa a hannun mutanenmu mazauna kudu. Mafarauta na saye, masu harbin tsuntsu da bindigar iska na saye, haka ma matasan da ke sha'awar wasan harbin allo. Ba mu da ja da wannan. Abin da ya dame mu shi ne dalilin da manya da yawa ke bayarwa idan sun saya, wai ido ya fara rauni, to madubi zai rufe giɓin. Mu a ganinmu wanda idonsa ya fara rauni asibiti ya kamata ya fara nufa, ba kasuwa ba. Kuma lokaci ya yi da ƙungiya za ta sa gwajin ido cikin sharuɗɗanta ga duk wanda ke riƙe bindiga da saninta.

Bari mu fara da gaskiyar da ke cikin maganarsu, domin akwai ta. Mai harbi da saitin ƙarfe na asali abu uku yake haɗawa a layi ɗaya: saitin baya da ke kusa da fuskarsa, na gaba da ke bakin bindiga, sai abin da yake nufi can nesa. Ido ba ya iya ganin ukun tar a lokaci guda, sai dai ya riƙa tsalle tsakaninsu. Idon saurayi na yin wannan ba tare da mai shi ya sani ba. Amma daga shekara 40 zuwa 45 ƙwayar ido takan fara taurara, gani na kusa ya fara wuya. Shi ne lokacin da mutum zai fara miƙa hannu nesa kafin ya karanta saƙo a waya. A nan saitin ƙarfe ke rikiɗewa ya zama dishi-dishi. Madubi kuwa yakan kawo layukan saiti da abin da ake nufi wuri ɗaya, sai dattijo ya leƙa ya ji kamar an mayar masa da ƙuruciyarsa.

Sai dai da yawa ba su ma san yadda ake daidaita shi ba. Zoben nan da ke ƙarshen madubin ta wajen ido, aikinsa ya fito da layukan saiti daidai da idon mai bindigar, ba ya fito da dabba ko allo ba. Yadda masana harbi ke koyarwa shi ne a cire harsashi tukuna, a fuskanci farin bango ko sararin sama nesa da rana, a leƙa na ɗan daƙiƙa biyu, a kau da kai, a juya zoben kaɗan, a sake leƙawa. Dalilin saurin kau da kai shi ne idan ka daɗe kana kallo, ido zai matsa wa kansa ya gyara hoton da ƙarfi, ka ɗauka saiti ya yi, alhali bayan minti goma ciwon kai da hawaye za su biyo. Idan layukan suka fito baƙi wuluk da kallon farko, an gama, ba a sake taɓawa. Wasu maduban suna da wani makunni a gefe wanda ake juyawa gwargwadon nisan abin harbi. Marasa shi an riga an ɗaure su a masana'anta, galibi a kan yadi 100, kusan mita 91 ke nan, shi ya sa wanda ya ɗora irinsu a bindigar iska yana harbi a mita goma zai ga hoto ba ya zama. Kuma tun da saitin na idon mutum ɗaya ne, bindigar aro ba ta zuwa da idon mai ita.

To ga inda gizo ke saƙa. Wannan zobe iyakarsa kaɗan ce, kamar ƙarfin tabarau mai lamba biyu ko uku ne, ko ta sama ko ta ƙasa. Yana iya taimaka wa mai matsalar gani kusa ko nesa wadda ba ta yi tsanani ba. Ba ya gyara idon da fuskar ƙwayarsa ba ta zagaye daidai ba, irin wanda mai shi ke ganin layi ɗaya a fili ɗayan kuma ya rabu biyu. Wannan sai tabarau da aka auna aka yanka masa. Ba ya cire yanar ido, wadda ke sa komai ya yi hazo, musamman da magariba ko idan fitila ta haske fuska, kuma kowa ya san lokacin farauta da sintiri ke nan. Mafi muni shi ne hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma. Shi daga gefe yake fara cin gani, ba zafi ba ƙaiƙayi, tsakiya na nan garau. Mai wannan ciwo zai leƙa madubi ya ga gada sarai, amma ba zai ga yaron da ke tahowa daga gefen gona ba. Madubin da kansa ma taƙaita fili yake yi, gwargwadon yadda ya jawo abu kusa gwargwadon yadda yake ɓoye abin da ke kewaye da shi.

Kada a ce wannan ciwon wasu ne can. Binciken ƙasa kan makanta da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo hakan da kashi 43 cikin ɗari, gilakoma na biye da wajen kashi 17. Ku duba shekarun shugabannin mafarautanmu da manyan 'yan sintiri, ku faɗa mana a wane rukuni suke.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta jera mutanen da ba a ba su lasisin bindiga, kuma a cikinsu, kusa da wanda bai kai shekara 17 ba da mai taɓin hankali, akwai wanda raunin gani ya hana shi cancantar riƙe ta. Direba ma ana duba masa ido kafin lasisi. A gasar Olamfik, masu harbin bindigar iska daga mita 10 suna neman ɗigon da faɗinsa rabin milimita ne, kuma ba a yarda su sa madubin jawo nesa ba. Abin da aka yarda da shi gilashin gyaran gani ne. Waɗanda harbi ne sana'arsu ido suke fara gyarawa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a matsayinmu na baƙi. Harbin kuskure a ko'ina masifa ce, ran mutum ne. Amma idan Bahaushe ya harbi manomi bisa kuskure a dajin Oyo ko Ondo ko Edo, ba shi kaɗai zai biya ba. Mai shayi da mai faci da mai sayar da albasa da ba su taɓa riƙe bindiga ba su ne za su kwana da fargaba. Ba mu manta da Uromi ba, watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 a hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, ba su harbi kowa ba, bindigogin farauta kawai aka gani a motarsu. Allah ya jiƙansu. Idan haka ta faru babu laifin komai, a yi tunanin ranar da aka samu gawa a gona.

Mun san abin da wasu za su ce: maharbi da kunne da sanin daji yake aiki, kuma ana so a raba dattijo da abincinsa. Sanin daji gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai kunne motsi yake ji, ba ya bambance gwanki da mace mai itace. Batun raba mutum da sana'a kuwa, akasin haka muke nema. Yawancin waɗanda za a auna tabarau kawai za a rubuta musu. Mai yana a yi masa aiki, wanda ba ya ɗaukar lokaci, ya koma dajinsa da gani fiye da na da. Mai gilakoma idan an kama da wuri akwai maganin ɗigawa da ke tsayar da ɓarnar, abin da ya riga ya tafi ne ba ya dawowa. Roƙonmu ɗaya, a guji masu yawo suna soka allura su ture yanar cikin ido, da tabaran bakin titi da ake zaɓa da gwada karanta jarida. Na karatu ne, ba na hangen nesa ba.

Abin da za mu gabatar wa shugabanni da Sarkin Hausawa a zama mai zuwa shi ne: duk memba mai riƙe bindiga, na farauta ko na sintiri, wanda ya kai shekara 40, ya kawo takardar gwajin ido sau ɗaya a shekara, gwajin da ya haɗa da auna ƙarfin ruwan ido da ganin gefe, ba karanta haruffan bango kaɗai ba. Masu ciwon suga su kasance a gaba, domin ganinsu kan sauya da hawa da saukar sugan. Wuraren zuwa na nan kusa: sashen ido na UCH a Ibadan, Guinness Eye Centre da ke LUTH a Legas, da mai irin wannan suna a Onitsha. Wanda ya je gida ganin iyali yana da asibitin ido na ƙasa a Kaduna da na ECWA a Kano. Wanda ba shi da hali, muna ba da shawarar asusun ƙungiya ya ɗauki kuɗin kati da na mota. Shugabannin mafarauta na kowace unguwa su fara haɗa sunayen mutanensu da shekarunsu, su miƙa wa ofishin sakatare kafin ranar zama.