Na'urar Da Ba Ta Kawo Hujja Ba, Kada A Karɓi Hukuncinta

Duk wanda ya taɓa raka majinyaci daga Gidan Katta zuwa asibitin Illela, ko zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya san darajar katin asibiti. A ciki likita ke rubuta abin da ya gani. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanadi kundin da ya bai wa kowace cuta lambarta, wato ICD, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a 2022. Da irin waɗannan lambobi ake ƙidayar masu sanƙarau da masu zazzaɓin cizon sauro.

A yau ana koya wa kwamfuta karanta bayanan majinyata da rarrabe su. Ba mu ƙi wannan ba, domin ma'aikatanmu kaɗan ne. Sharaɗinmu ɗaya: ta nuna kalmomin da ta dogara a kansu, likita ya duba.

Ga izina. A 2015 Rich Caruana da abokan bincikensa suka ba da labarin wani aiki da aka yi a Amurka a shekarun 1990, inda na'ura ta koyi cewa mai ciwon huhu, in yana da asma, haɗarin mutuwarsa ya ragu. Alhali kuwa dalilin shi ne likitoci kan gaggauta ba irinsa kulawa ta musamman. An gano kuskuren ne saboda ƙa'idojin wannan na'ura a bayyane suke. Da ɓoyayyu ne, da an iya sallamar wanda ya fi bukatar gado.

To, ina ga garin iyaka, inda majinyaci kan zo daga Birnin Ƙonni da takarda cikin Faransanci? Yaya za mu san na'urar ta fahimce ta?

Don haka muna kira ga hukumomin lafiya na Jihar Sakkwato da kada su sayi na'urar da ba ta bayyana dalilinta. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ma ta bai wa ɗan ƙasa 'yancin neman mutum ya sake duba hukuncin na'ura. Ran majinyaci amana ne a wuyan likita, kuma wanda bai san dalili ba, ba zai iya sauke amana ba.

Allah Ya sa mu dace.