Makantar da muke saye da kuɗinmu

A wannan mako za mu ɗan ajiye zancen siyasa da tsadar hatsi, mu duba wata dukiya da kowa ke ɗauke da ita a fuskarsa amma kaɗan ne suke tattalinta, wato ido.

Abin da ya jawo wannan magana kuwa shi ne ziyarar da na kai ƙauyenmu, kudu da Damagaram, bayan an gama girbi. Na tarar da kawuna, wanda ya shekara fiye da talatin yana ɗinki, zaune a zaure yana jiran jikansa ya zo ya ja masa gora zuwa masallaci. Yana ce ta rufe masa ido, ciwon da tsufa ke kawowa. Wani mai yawon magani ya sauka garin ranar kasuwa, ya karɓi akuya da ƴan kuɗi, ya soka masa wani tsinken ƙarfe a gefen ido ya tura yanar can ciki. Kwana biyu kawu yana murna yana ganin haske. A kwana na huɗu idon ya kumbura, ya yi ja, ya hana shi barci. Lokacin da muka kai shi asibiti, lokotoron ya duba ya girgiza kai, ya ce wancan idon ya riga ya mutu, sai dai a yi ƙoƙarin ceto ɗayan. Da na tambayi kawu dalilin da ya hana shi zuwa asibiti tun farko, sai ya ce: "Ɗana, an ce mini can cire ido suke yi su wanke su mayar." Wannan jita-jita ce ta ci masa ido, ba ƙaddara kaɗai ba.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta bayyana a rahotonta na shekarar 2019 cewa mutum aƙalla miliyan dubu 2 da miliyan 200 ne ke da matsalar gani a duniya, kuma aƙalla miliyan dubu ɗaya daga cikinsu ana iya kare su daga matsalar, ko kuwa akwai maganinta amma bai kai gare su ba. Ke nan makanta da yawa tana da sanadin da hannun ɗan Adam zai iya tarewa. Bari mu bi waɗannan sanadai ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ita ce yanar ido, wadda ta fi kowace cuta makantar da mutane a duniya. A cikin ido, bayan ƙwayar baƙi, akwai wani ɗan abu garai-garai mai kama da gilashi, shi ke tattara haske. Idan shekaru suka ja, ko ciwon sukari ya daɗe, ko ido ya bugu, sai ya dushe ya yi fari kamar an zuba masa nono. Babu ɗigo, babu tsimi, babu hayaƙin da ke wanke shi. Maganinsa aiki ne a asibiti: a kashe zafin wurin, a fitar da wanda ya dushe, a sa na roba a madadinsa. Sau da yawa aikin ba ya kai rabin sa'a, mutum yana farke, kuma ba a cire ido daga gurbinsa ko kaɗan. Shi kuwa mai tsinke ba ya fitar da komai, turawa kawai yake yi, ya bar ido da ƙazanta da kumburi. Ko an yi sa'a idon bai lalace ba, gani ba ya dawowa sosai sai da tabarau mai kaurin gaske.

Na biyu shi ne amodari, ciwon da jihohin Damagaram, Maraɗi da Difa suka daɗe suna fama da shi. Wata ƙwayar cuta ce ke kama idon yara ƙanana, tana yaɗuwa ta hanyar kwantsa da majina, ta hannu, ta gefen zanen da uwa ke share wa wannan yaro fuska ta share wa wancan, da kuma ta ƙudajen da ke sauka a ido. Idan ciwon ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, sai cikin fatar ido ya yi tabo ya tsuke, gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido a duk ƙiftawa. Wa bai san tsohuwar da ke rataye da matsefata a wuya don tsige gashin ido ba? Mata sun fi maza shan wannan wahala, domin su ke tare da yara dare da rana. Hanyar yaƙi da shi huɗu ce, masu aikin lafiya na ƙasarmu suna kiranta CHANCE da Faransanci: ɗan ƙaramin aiki don daidaita fatar ido, shan maganin azitromisin da ake rabawa kyauta, wanke fuskar yara kullum, da tsabtace muhalli ta hanyar gina salga da samar da ruwa. Ƙasar Gana ta rabu da wannan ciwo a 2018, Mali da Benin a 2023. Ruwan da bai cika moɗa ba ya isa wanke fuskar yaro. Wanda ya ce ba shi da wannan, to, ba ruwa ya rasa ba, kula ya rasa.

Na uku shi ne ɓarawon da ba ya sallama, wanda likitoci ke kira gilokoma, jama'a kuma suke ce masa hawan jinin ido. Ruwan da ke cikin ido ne ba ya samun mafita yadda ya kamata, sai ya matse jijiyar gani har ta riƙa mutuwa sannu a hankali. Galibi ba ya zafi, ba ya ja. Daga gefe yake fara cin gani, mutum ya riƙa tuntuɓe yana karo da ƙofa, yana zaton gajiya ce. Abin da ya tafi kuwa ba ya dawowa har abada. Iyakar ƙoƙarin likita shi ne ya tsare abin da ya rage, da ɗigon kullum ko da aiki. Binciken masana ya nuna baƙar fata sun fi saurin kamuwa da shi, kuma tun da sauran ƙuruciya. Yana kuma bin jini. Saboda haka duk wanda ya kai shekara 40, musamman in mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko wani ɗan'uwansa ya makance ba a san dalili ba, ya je a auna masa ido ko da ba ya jin komai. Haka ma mai ciwon sukari: aƙalla sau ɗaya a shekara ya kai idonsa a duba can ciki, domin sukari yana lalata ƙananan hanyoyin jini na bayan ido tun kafin mutum ya lura.

Na huɗu ya shafi yara. Idan yaro yana wasa lafiya da rana amma da magariba ta yi sai ya riƙa lalube, wannan shi ne dundumi, alamar ƙarancin bitamin A a jiki. Idan ƙyanda ko zawo ya tarar da yaro a wannan hali, ƙwayar idonsa na iya bushewa ta ɓarke cikin ƴan kwanaki, ta bar hakiyar da za ta bi shi har kabari. Abin takaici, maganin yana bayan ɗakinmu: ganyen zogale, kabewa, karas, mangwaro, gwanda, hanta, ƙwai da nono. Muna kai ƙwan zabi kasuwa mu sayo alawa. Ga kuma ɗigon bitamin A da ake bai wa yara daga wata 6 zuwa shekara 5, sau biyu a shekara, tare da rigakafin ƙyanda. Uban da ya kori masu rigakafi daga ƙofar gidansa ya sani idon ɗansa yake jefawa cikin caca.

Na biyar, wanda ya fi ba ni haushi, shi ne ɓarnar da muke yi da hannunmu. Kowa ya san apolo, jan idon nan mai yaɗuwa kamar wutar daji, wanda ya ɓulla a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutane duniyar wata, daga nan ya samo sunansa. Galibi yana warkewa da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, in an kiyaye tsabta. Amma mu sai mu ɗiga ruwan sukari, ruwan lemun tsami, ruwan taba, har da fitsari, mu mayar da ƙaramin ciwo babba. Wasu kuma su nufi masu tallar magani a faranti cikin rana, su sayi ɗigon da ke ɗauke jan ido nan take. Da yawa daga irin waɗannan ɗigo suna ƙunshe da sinadarin kotizon, wanda in an daɗe ana amfani da shi ba da umarnin likita ba yake haddasa hawan jinin ido da yana, ya kuma rura gyambon ido. Araha ba ta ado. Shi ma kwallin dutse da ake ranɓaɗa wa jarirai yana ƙunshe da dalma, guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro, balle a ce tsinke ɗaya ne ke zagaya idanun gida duka. Manomin da kara ko ganyen hatsi ya karce wa ido lokacin girbi, ya je likita a ranar, kada ya jira sai fari ya fito. Mai walda, mai fasa dutse da mai niƙa ƙarfe su sa abin kare ido. Kuɗinsa bai kai na jinya ba.

Saura zancen tabarau, ko luneti kamar yadda muka saba faɗa. Idan mutum ya wuce shekara 40 ya ga yana nesanta takarda kafin ya karanta, ko zura zare a allura ya fara gagararsa, wannan ba cuta ba ce, tsufan ido ne, tabarau mai sauƙin kuɗi yana gyara shi. Maganar da ake yi cewa tabarau na ƙara kashe ido ba ta da tushe. A lakwal kuma, sau nawa mushe ya zane yaro a kan bai kwafi darasi ba, alhali yaron ba ya hango allo ne daga bencin baya? Malami ya lura da ɗalibin da ke tsuke ido ko yake leƙen littafin maƙwabcinsa, ya dawo da shi gaba, ya sanar da iyayensa. Yaran birni da suka duƙufa a kan salula da talabijin kuwa, a sake su su yi wasa a waje, domin an tabbatar zama a hasken fili na rage haɗarin gajeren gani. Mai aiki da kwamfuta ya riƙa ɗaga kai kowane minti 20 ya hangi nesa na ɗan lokaci.

Kada wani ya ce wannan aiki ya fi ƙarfin matalauciyar ƙasa. Akwai lokacin da ƙauyukan bakin kogi a yammacin ƙasarmu suke fama da makantar da cizon wani ɗan baƙin ƙuda ke kawowa. Daga 1976 zuwa 1989 aka yi ta feshin magani a wuraren da yake hayayyafa, daga baya aka raba maganin ibamektin. A watan Janairu na 2025 OMS ta tabbatar Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da wannan cuta. Abin da ya yiwu a bakin kogi zai yiwu a tudu. Sai dai nauyi na kan hukuma ta kusanto da aikin ido ga talaka, domin likitocin ido sun taru a manyan birane, shi kuwa mai tsinke har ƙofar gida yake zuwa. Muddin zuwa asibiti yana nufin kuɗin mota na mutum biyu da kwana uku a gari baƙo, mai tsinke ba zai rasa kasuwa ba. Sarakuna da limamai su ma suna da abin faɗa, tun da maganarsu ta fi tamu shiga kunne.

Kawuna dai an yi masa aiki a idon da ya rage. Ranar da aka cire masa bandeji, abin da ya fara tambaya shi ne ina keken ɗinkinsa. Yanzu da ƙafarsa yake zuwa masallaci, jikan kuma ya koma lakwal. Idan akwai tsoho a gidanku da ke zaune cikin duhu, kada ku yanke masa hukunci da kanku, ku kai shi a duba.

Allah ya bar mu da ganinmu. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai mu.