Littafin Bashin Babana da Halin Ɗan Adam

Yau wata gardama na kawo muku wadda ta ƙi ƙarewa a rumfarmu ta hatsi a Kasuwar Kure, tsakanina da Yayana. Shi cewa yake mutum mugu ne tun asali, tsoro ne kawai ke riƙe shi. Ni kuma na ce a'a. Baba yana jin mu, ba ya sa baki, sai dai ya ci gaba da awo.

Abin ya samo asali ne tun farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace a hannun jama'a. Duk wanda yake kasuwa a lokacin ya san wahalar da aka sha. Mutum da kuɗinsa a banki, amma ya rasa na mudu ɗaya. A tura ta waya, ta ƙi tafiya. Wasu masu POS kuwa suka mai da naira haja, sai ka saye ta da tsada. A wannan hali Baba ya buɗe littafin bashi, har ga waɗanda bai san gidajensu ba. Yaya ya ce, "Baba, wannan fa ba kasuwanci ba ne, za a cinye mu." Baba ya ce masa ya rubuta kawai.

Kuma an cuce mu, ba zan ɓoye ba. Wani mutum mai shiga ta kamala ya nuna mana alat na bogi, ya ɗora buhun shinkafa a Keke Napep, har yau ko ƙeyarsa ba mu sake gani ba. Shi ne hujjar Yaya kullum. Sai kuma ya ƙara da abin da ya faru a mahaɗar Dikko a Janairun 2025, inda tankar mai ta faɗi, mutane suka yi rububin kwasa, wuta ta tashi ta ci rai sama da 80. Wai ka ga ɗan Adam da zarar ya ga banza.

To amma ni nake riƙe da littafin nan, na san abin da ke ciki. Mafi yawan shafukan an soke su, an biya. Wadda ba na mantawa ita ce wata dattijuwa Bagwariya mai kawo doya daga ƙauye. Ta karɓi gero mudu biyar, ko sunan garinsu ba mu rubuta daidai ba. Bayan wata biyu sai ga ta, ta kwance bakin zane ta ƙirga kuɗin, har da doya biyu ta ce a kai wa Inna. Wa take tsoro? Ba ta cikin ƙungiyar 'yan kasuwa, ba masallacinmu ɗaya ba, da ta bi wani layin ba mai tare ta.

Na yarda Yaya yana da gaskiya ta wani gefen. Mu da iyayenmu suka zo daga Kano da Katsina da Sakkwato, sunanmu shi ne jarinmu a nan. Ana ɗoro mana kaya daga Dawanau da kiran waya kawai, ba takarda, kuma kowa ya san in ya ci amana sau ɗaya labari zai riga shi isa gida. Akwai tsoro a ciki, ban musa ba. Sai dai tsoron kunya ai ba ya kama wanda bai san abin kunya ba. Ku lura da mai bugaggen mudu ko mai algus: ɓoyewa yake yi, in an kama shi kuma sai ya hau kawo uzuri, wai tsada ce, wai kowa ma haka yake yi. Ban taɓa ganin wanda ya cika mudu yana neman uzuri ba. Abin da ke buƙatar uzuri shi ne baƙo a zuciya. Haka ma malamanmu suka karantar da mu a Islamiyya, cewa a kan fiɗira ake haihuwar yaro, son zuciya da yanayi ne ke karkatar da shi daga baya.

Mutanen Dikko kuwa, Allah Ya jiƙansu, ban ga mugunta a wurinsu ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na ga yadda mai kabu-kabu ke ƙirga digon fetur. Talauci ne da ganganci.

Jiya ma Yaya ya ce a yage shafin mai alat ɗin nan, ganinsa na ɓata masa rai. Baba ya ɗago kai daga kan buhu ya ce a bar shi, wataƙila wata rana ya zo biya.